Na Ba Ta Yansun Maimakon Gahawa

Tun da na saka labarin makon jiya saƙonni suke shigo mini, kowa da irin tasa. Wata ta ce in daina jan rai in auri mutumin, shekara arba'in da uku ba wasa ba ce. Wani kuma, wanda ko sunansa bai iya sakawa ba, ya ce karatun ne ya taɓa mini kai. Na gode muku gaba ɗaya. Yau ku gyara zama ku ji abin da na aikata da hannuna, in za ku zage ni ku zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Nariman, a Irbid aka haife ni, kuma har gobe a gidanmu nake tare da mahaifiyata. Shekara goma sha takwas na yi a tsaye bayan kanta a kantin magani na unguwarmu, da farar riga, kowa yana ce mini Duktura. Abin da ya fitar da ni daga can ba wani babban abu ba ne. Wata maƙwabciyarmu ce ta zo sayen maganin ciwon kai, ta jira har layi ya watse, sai ta kifa kai a kan kanta ta yi ta kuka. Na tsaya ina kallonta, duk karatuna abin da na iya ce mata shi ne ta sha bayan ta ci abinci. Kunyar wannan rana ce ta mayar da ni jami'a, na zauna aji ɗaya da yaran da na isa haifa, ina karatun halayyar ɗan Adam don in zama mai jinyar damuwa da magana. Yanzu ina shekarar ƙarshe, ina koyon aiki kwana uku a mako a wata ƙaramar cibiya da ke saman bene, ƙarƙashin Duktura Lamis.

Yumma, wato mahaifiyata, har yau ba ta yafe mini ba. Karatun mahaukata take ce masa. In maƙwabta suka tambaya sai ta ce ina nan a kantin magani, reshe kawai aka canza mini.

Shi kuma Munzir, Abu Kusai, mutumin da ake cewa in aura, mai auna filaye ne. A kantin na san shi, lokacin da yake zuwa karɓar maganin matarsa duk farkon wata har Allah ya karɓi ranta shekara uku da suka wuce. Bara muka sake haɗuwa a tashar mota kusa da jami'a, ina rungume da littattafai kamar 'yar sakandare. Bai yi dariya ba, sai ya karɓi rabin littattafan. Shi kaɗai ne namijin da na gaya wa abin da nake karanta bai ce mini "to, karanta mini abin da ke raina" ba. Kullum da safe yana turo mini hoton ɓauren da ke tsakar gidansa, ya rubuta a ƙasa, "Barka da safiya, ɗaliba." Ina son sa. Na faɗa, kuma ban ji kunya ba. Ɗansa Kusai yana aiki a ƙasar waje, 'yarsa Razan kuwa tana shekara ta biyu a jami'a, amma ni hoton da na taɓa gani nata na yarinta ne, da kitso biyu da giɓin haƙori.

Yanzu sai in gaya muku yadda cibiyarmu take. Ba ma neman katin shaida. Da mun nema, da ba mai hawa benen nan. Kun san mutanenmu, yarinya ta yi jinyar ƙafa shekara ba wanda zai ɗaga kai, amma a ce an gan ta sau ɗaya a wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi ke nan, ita da ƙannenta sun shiga bakin duniya, ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Don haka rabin masu zuwa wurinmu da sunan aro suke zuwa, mu ma mun sani, ba ma tonawa. Ranar da na fara, Duktura Lamis ta zaunar da ni ta ce abu ɗaya za ta gaya mini kafin komai: in na haɗu da mai jinya a waje, a kasuwa ko a gidan biki, ban san shi ba. Ba gaisuwa, ba murmushi, sai in shi ya fara. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Akwai wata yarinya da aka ba ni tun watanni huɗu baya, ta ce sunanta Hala. Talata ƙarfe goma take zuwa, da takunkumi a fuska, sai an rufe ƙofa take cirewa. Tun rasuwar mahaifiyarta take fama da wani irin firgici, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ɗauke, ta ji kamar yanzu za ta mutu. Ba wanda ya sani a gidansu, a banɗaki take shiga ta kunna famfo har ya wuce. Tare muka gano cewa gahawa tana tayar mata da shi, ko rabin kofi ne, sai ta bari a ɓoye, in an ba ta a gida ta juye a tukunyar fure. Ta ce mini babanta ɗan kasuwa ne, kuma yana shirin ƙara aure. Ta kuma taɓa ce mini ba ta iya zama a tsakar gida saboda ɓauren da mamanta ta dasa.

E, na ji ku. Ɓaure. Kullum da safe yana cikin wayata. Amma gida nawa ne a Irbid ba shi da ɓaure, uba nawa ne ba ya ƙara aure? Haka na ce wa kaina a lokacin, na wuce. Gaskiyar ita ce ban so in haɗa zancen ba, don na san in na haɗa akwai abin da zan rasa.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce matan gidansu Munzir suka zo ganina, kamar yadda aka saba kafin maza su zo neman aure. Tun safe Yumma ta hana kowa sakat. An wanke labule, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai irin wannan rana, an aiko da kunafa mai zafi, kayan zaƙin da muke tarbar baƙi da shi, daga cikin gari. Ta hana ni saka baƙar rigar da na zaɓa, ta ce na yi kama da mai zuwa ta'aziyya, ta ciro mini doguwar riga mai launin zaitun da aiki a wuya, da mayafi ruwan madara. Tana ɗaura mini sarƙarta tana yi mini gargaɗi.

"Ki ji ni da kyau. In an tambaye ki aiki, kantin magani. Kada ki buɗe baki ki ce mini cibiya."

"Yumma, ai Abu Kusai ya sani."

"Shi ya sani, yayarsa fa? Namiji in yana so ba ya gani. Mata ne ke gani."

Bayan la'asar suka iso, su uku. Hajja Wafika, yayar Munzir, ita ce a gaba, mace mai jiki da zobba a kowane yatsa, irin matan da suke shafa gefen teburi da hannu suna gaisawa don su ji ko akwai ƙura. Sai wata matar ƙaninsu. Sai yarinya a bayansu, siririya, kanta a ƙasa. Hajja ta ja ta gaba ta ce, "Ga Razan, 'yar gidan." Yarinyar ta ɗago.

Hala ce.

Nan take na gane ta. Ita ma na ga jinin fuskarta ya gudu. Muka sumbaci juna a kumatu kamar baƙi, hannunta sanyi ƙalau. Har nan ban yi kuskure ba. Na ce mata sannu da zuwa, ta amsa, ba wanda ya lura da komai.

Kicin ne ya kashe ni. Na ɗora gahawa ina kallon kumfa yana tasowa, kaina yana lissafin abin da zai faru. In ta sha, nan da minti goma firgicin zai kama ta a falonmu, a gaban gwaggonta. In ta ƙi sha, kun san abin da ake nufi da 'yar miji ta ture gahawar matar da ubanta zai aura, za a ce ta ƙi ni, a koma gida a tsare ta da tambaya. Kuma babu tukunyar fure kusa da inda ta zauna. Sai na ga ai ni na fi kowa wayo. Na tafasa yansun, wani shayi mai ƙamshi da ba ya tayar da zuciya, na zuba a kofi na daban, na jera a tire.

Na ba Hajja gahawarta, na ba matar ƙanin, na ba Yumma. Na zo gaban Razan na miƙa mata yansun na ce, "Ke ga naki." Ta kalli kofin, ta kalle ni. Wannan kallon har na mutu ba zan manta da shi ba, ba godiya a cikinsa ko kaɗan.

Hajja Wafika ta ajiye kofinta a hankali.

"Ita me ya sa nata daban?"

"Na ga kamar ba ta shan gahawa, Hajja."

"Kin gani a ina, 'yata? Mu da muka raine ta ba mu sani ba. Razan, kin daina shan gahawa ne?"

Yarinyar ta yi tsuru-tsuru. Ni kuma maimakon in ce yara na yanzu ba sa so, ko in ce ta ƙare a tukunya, sai bakina ya zaɓi ƙaryar da ta fi kowacce saurin tonuwa. Na ce babanta ne ya gaya mini.

Hajja ta ce to, ta yi murmushi, ta ci gaba da cin kunafa. Can sai ta juyo ta tambaye ni wurin aiki. Yumma ta yi caraf ta ce kantin magani. Hajja ta ce ikon Allah, ita kuwa an ce mata a saman benen nan nake da ke bayan kasuwar kayan lambu, inda ake kai waɗanda kansu ya ɗan motsa. Tana faɗa tana kallon Razan, ba ni ba. Na sha jinin jikina. Da suka tashi tafiya kofin yansun yana nan yadda na ajiye shi, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ranar Juma'a babu hoton safe. Sai bayan an sauko daga masallaci saƙo ya shigo.

"Nariman, yaushe na ce miki Razan ba ta shan gahawa?"

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Na ce wataƙila na ruɗe ne. Ya ce yayarsa tun jiya ta hana shi sukuni, ta ce ba a ruɗewa da irin wannan. Ya tambayi Razan, ta shige ɗaki ta kulle. Sannan ya turo wanda ya karya ni.

"Ba na son jin komai daga bakin Wafika. Daga bakinki nake so. 'Yata tana zuwa wurinku? In kika ce a'a na yarda, ba zan sake tambaya ba."

Ku da kuke cewa in yi ƙarya kawai, ku tsaya. Mutumin da zan kwana in tashi da shi sauran rayuwata ne, kuma 'yarsa ce, wata rana zai sani, ya tuna na dube shi na ce a'a. In na ce e kuma, na sayar da yarinyar da ta cire takunkuminta a gabana don ta yarda da ni. Na rubuta masa cewa ba na faɗin wanda ke zuwa cibiya ko wanda ba ya zuwa, ko da uwata ce ta tambaya. Ya karanta. Bai amsa ba.

Lahadi na je na zayyana wa Duktura Lamis komai. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi, shi ya sa faɗanta ya fi zafi. Ta ce shekara goma sha takwas na saba mutum ya zo da ciwo in miƙa masa abu a hannu, to wannan aikin rabinsa haƙurin ƙin miƙawa ne. Ta ce Razan ta yi wata huɗu tana samun hanyar kauce wa gahawa ba tare da ni ba, da na bar ta da ta samu ta ranar. Ta cire ni daga jinyarta nan take, ta ce ita za ta karɓe ta, in har ta dawo. Wannan "in har" ɗin ya tsaya mini a rai yini guda.

A gida kuwa shiri ake. Juma'a mai zuwa ce ranar da mazan gidansu za su zo neman aure, mutum talatin, yayana Hisham har ya yi maganar kujeru da rumfa. Yumma tana ta murna don ba a aiko an ce an fasa ba. Ta ce in rufe bakina kwana biyar kacal, in an sha gahawar maza an karanta Fatiha, sai in je in yi ta haukata.

Talata ƙarfe goma saura kwata na fito daga ɗakin ajiyar fayil, na gan shi zaune a ɗakin jira. Munzir, da rigarsa ta aiki mai aljihu da yawa, takalmansa duk jar ƙasa, yana zaune tsakanin wata tsohuwa da wani saurayi, yana juya makullin mota a hannu. Ya rame a kwana huɗu. Ya miƙe ya ce ya duba jadawalin karatunta da ke manne a jikin firji, Talata da safe ba ta da aji, amma kullum tana fita. Ya ce bai zo faɗa ba, so yake ya gani da idonsa.

Na leƙa taga. Tasi ta tsaya a tsallaken titi, yarinya mai takunkumi tana fitowa. Ta dawo. Duk da abin da na yi mata, ta dawo. Tsakaninta da ƙofar nan bai wuce minti biyu ba, kuma na san in ta hawo ta tarar da ubanta a kujerar nan, ba za ta sake taka benen wani likita ba har abada.

Na ce ya biyo ni. Na ja shi ta ƙofar baya, matakalar da ke sauka wajen masu kayan lambu. Ya tsaya a tsakiyar matakala ya ce ba inda za shi, zai koma ya zauna har sha ɗaya. Na roƙe shi, ya ƙi. Na san shi, in ya kafe ƙusa ya auna fili ba ya matsawa. Abu ɗaya ne kawai na san zai sa ya bar wurin ba tare da ya waiwaya ba.

"Abu Kusai, ka gaya wa mutanenka kada su zo ranar Juma'a."

"Me kika ce?"

"Mutumin da zai zo wurin aikina ya yi gadi, ba zan iya aurensa ba. Ka tafi, don Allah."

Ya daɗe yana kallona. Ya sa makullin a aljihu, ya sauka a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala kamar tsoho. Ina tsaye ina jin takunsa har ya ɓace cikin hayaniyar masu tumatir. Can bayan ɗan lokaci, a sama na ji an kira Hala, na ji ƙofar Duktura Lamis ta rufe. Na zauna a kan matakala da farar rigata na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babana.

Kada ku ce mini jaruma. Ni na haƙa ramin da hannuna ranar Alhamis, abin da na yi ranar Talata cikewa ce kawai, kuma da mutumin da bai yi mini komai ba na cike shi. Wani lokacin ina tuna kantin magani, inda in ka yi kuskure akwai takarda da za ka duba ka gyara. Da na zauna a can da yanzu ana ɗinka mini rigar biki. Amma da na zauna a can da Razan tana banɗaki har yanzu da famfo a kunne. Na rasa wanne zan yi nadama, sai nake yin duka biyun.

Ban gaya wa Yumma ba. Na dawo na tarar tana jiƙa shinkafar gwaji, tana waya da Hisham a kan rago nawa za a yanka. Na shige ɗaki da mayafina a kai. Wajen la'asar wayata ta yi ƙara, na ga sunansa.

"Motata a gaban benen na ajiye ta. Da na zagayo na gan ta tana hawa matakala. Na san tafiyar 'yata ko da ta rufe fuska."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Ban kira ta ba. Na kawar da kai kamar ban san ta ba, na jira ta shige, sannan na ja mota. Da ta dawo gida na tambaye ta ya karatu, ta ce lafiya, na ce madalla."

Sai na uku.

"Haka ake yi, ɗaliba? Ban iya ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke."

Yau Laraba. An kawo kujerun, suna jere a tsakar gida, talatin cif. Bai ce za su zo ba, bai ce sun fasa ba, ni kuma maganar da na faɗa masa a matakala tana nan ban janye ba. In na janye na zama matar uban yarinyar da na san duk abin da take ɓoye masa, ta riƙa ganina a kicin ɗin mamanta kullum safe. Saƙon yana buɗe a gabana tun jiya. Na rubuta masa "E, haka ake yi," na tsaya, don ban san abin da zan sa a bayansa ba.